Akwatin Tambaya: Rijiya Na Ƙafewa, Masu Guga Na Gyangyaɗi

Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki. Kusan duka a kan abu uku suke kewayawa: man fetur, zafin da duniya ke ƙara yi, da mutanen da aka damƙa wa ragama. Na tsamo guda shida. Wasu na datse musu tsawo, ɗaya kuma na share mata zagi na bar tambayar, don tambayar mai kyau ce ko da ta zo da ƙaya. Sababbin masu karatu su sani, shekara 31 na yi a teburin tsare-tsare da lissafin makamashi kafin in yi ritaya, saboda haka abin da zan faɗa game da manya ba ta taga na leƙo shi ba.

TAMBAYA: Baba, ina wuni. Ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a. Malaminmu ya ce man fetur na gab da ƙarewa a duniya. Da na faɗa wa yayana sai ya bushe da dariya, ya ce tun yana firamare ake wannan waƙa, ga shi har yau gidajen mai a buɗe suke. Wa zan gaskata?

AMSA: Lafiya lau, 'yata. Kowanne a cikinsu ya kama gefe guda na gaskiya ya saki ɗayan.

Ki fara cire hoton tanki daga ranki. Ɗanyen mai ba a wani tafki yake kwance a ƙarƙashin ƙasa ba. A cikin 'yan ƙofofin dutse yake maƙale, kamar ruwa a jikin soso. Ranar da aka huda dutsen, matsin ƙasa da iskar gas ne ke tunkuɗo shi sama da kansa. Bayan wasu shekaru ƙarfin ya ragu, sai an sa famfo, sai an ɗura ruwa ko gas don a koro sauran. Kullum kuɗin da ake kashewa na ƙaruwa, abin da ke fitowa na raguwa, har a kai ranar da wahala ta fi riba. A ranar ake rufe rijiya, kuma sau da yawa fiye da rabin man yana nan a ƙasa ba a taɓa shi ba. Mai arhar ne ke ƙarewa, ba man duka ba.

A 1956 wani masanin duwatsu na kamfanin Shell, M. King Hubbert, ya lissafa cewa haƙar mai a Amurka za ta kai ƙololuwa wajen 1970, daga nan ta fara gangarowa. Da yawa ba su ɗauke shi da gaske ba. Sai ga shi a 1970 Amurka ta kai ganga miliyan 9.6 a rana, sannan ta yi ta zamewa har ta sauko wajen miliyan 5 a 2008. Nan malaminki ya ci. Amma sai aka ƙware a wata dabara ta haƙa rijiya a kwance, a tura ruwa da yashi da ƙarfin gaske a farfasa dutse mai tauri, man da ya gagara a da ya fito. A 2018 Amurka ta zarce adadin 1970, yanzu tana wajen miliyan 13. Nan kuma yayanki ya ci. Sai dai irin waɗannan rijiyoyi ba su da dogon numfashi: cikin shekara biyu zuwa uku yawancin ƙarfinsu ya tafi, dole a yi ta huda sababbi ba hutawa.

Abin da yayanki bai lura da shi ba, duniya ba ta ƙafewa rana ɗaya, ƙasa-ƙasa ake ƙafewa. Filin Cantarell na Meziko yana ba da ganga sama da miliyan 2 a rana a 2004. Shekara 10 bayan haka ko rubu'in wannan ba ya kaiwa. Man Birtaniya na Tekun Arewa ya gama hawansa a 1999. Indunusiya, wadda ta shiga ƙungiyar OPEC tun 1962 tana cikin masu sayarwa, ta wayi gari tana sayowa daga waje, har a 2008 ta sanar za ta jingine kujerarta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗo daga sama. Raguwar rijiya abu ne da injiniya ke gani a takarda shekaru kafin ya iso.

Akwai kuma ƙofa ta biyu, wadda ta fi ba ni tsoro. Ana jingina wa Sheikh Ahmed Zaki Yamani, ministan man Saudiyya daga 1962 zuwa 1986, wata magana: zamanin aiki da dutse bai wuce don duwatsu sun ƙare ba, haka zamanin mai zai wuce da sauran mai a ƙasa. Har yanzu duniya na shan ganga wajen miliyan 100 kowace rana, ganga guda kuwa lita 159 ce. Amma a 2024 kusan mota 9 cikin 10 da aka saya sabuwa a Norway mai lantarki ce, a Sin kuma kusan rabin sababbin motoci da wuta ake cajinsu. Ƙasar da kasafin kuɗinta ke rataye a wuyan ganga tana tsakanin fargaba biyu: ko rijiya ta ƙafe, ko mai saye ya daina zuwa. Duk wanda ya riga isowa, albashi ne zai gagara biya.

TAMBAYA: Malam, ni malamin makaranta ne, kuma yara na yawan yi mini tambayar da ni ma ba ni da amsarta. Shin shugabannin duniya ba su san da ɗumamar yanayi da raguwar mai ba ne? Ba su da masu ba su shawara?

AMSA: Malam, Allah ya ba da ladan alli. Sun sani. Da rashin sani ne ai da abin ya zo da sauƙi, a koyar da su a huta.

Tun 1896 Svante Arrhenius, masani ɗan Suwidin, ya lissafa da alƙalami cewa ƙara iskar kabon a sama zai ɗumama ƙasa. A 1958 Charles Keeling ya fara auna iskar a kan dutsen Mauna Loa na Hawai, ya samu wajen kashi 315 cikin miliyan; kafin zamanin masana'antu wajen 280 take, yau ta haura 420. A 1965 kwamitin masana ya ajiye wa shugaban Amurka Lyndon Johnson rahoto mai gargaɗi a kan haka. A 1988 masanin yanayi James Hansen ya zauna gaban kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya ce ɗumamar ta riga ta fara. A 1992 ƙasashe suka taru a Rio suka sa hannu za su shawo kanta. To ka riƙe wannan ka kai wa yaranka: kusan rabin duk iskar kabon da ɗan'adam ya taɓa fitarwa ta hanyar ƙona kwal da mai da gas, bayan 1990 aka fitar da ita. Ido biyu aka yi.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Wata shekara muka yi wata takwas, mu bakwai, muna haɗa rahoto a kan yadda kuɗin shiga zai kasance in farashin mai ya faɗi, damina kuma ta ci gaba da rikicewa. Shafi 140, da jadawali, da taswira. Ranar ƙaddamarwa aka kama babban zaure, aka rataya ƙyalle mai hoton bishiya. Mai girma ya iso da jinkirin awa biyu, mota 11 a ayarinsa, kuma ba a kashe ko ɗaya ba don kada sanyin ciki ya gudu. Muna cikin zauren muna jin gurnaninsu. Ya karanta jawabin da ni na rubuta masa, ya ɗaga rahoton sama aka ɗauki hoto, ya fice kafin mai bayani na farko ya buɗe baki. Rabin zauren suka mara masa baya. Bayan shekara huɗu na shiga sito neman wani fayil, sai ga kwalayen rahotonmu a ɗaure da igiyar maɗaba'a yadda aka kawo su, gara ta cinye na ƙasa. Kwafi biyu kaɗai na ga sun yi aiki: an tokare ƙafar wani tebur da su.

Ban ɗauki mutumin mugu ba, kuma ba daƙiƙi ba ne. In ka zauna da shi a ofis yana gane lissafi sarai. Rannan da na ɗan matsa masa, sai ya tambaye ni, “Wannan abin naka, yaushe zai fara ciwo?” Na ce ranka ya daɗe, shekara 15 zuwa 20. Ya yi murmushi ya ce, “Ni kuwa saura mini wata 19.” Maganar ke nan gaba ɗayanta. Raɗaɗin gyara yau ne, a wa'adinsa. Daɗin gyara sai gobe, a wa'adin wani, wataƙila ma abokin hamayyarsa ne zai yanka ƙyallen buɗewa.

Wanda ya gwada faɗin gaskiya kuwa ya ga abin da ya gani. A 1977 shugaban Amurka Jimmy Carter ya fito a talabijin sanye da rigar sanyi, ya roƙi Amurkawa su rage ɗumama gidajensu, su tattala makamashi. A 1979 ya sa aka ɗora faranti 32 masu dafa ruwa da hasken rana a rufin fadar White House. A 1980 ya sha kaye. Ba wannan kaɗai ya kayar da shi ba, akwai tsadar rayuwa da rikicin Iran, amma darasin da 'yan siyasa suka ɗauka shi ne kada ka kuskura ka ce wa mai ƙuri'a ya rage. A 1986, zamanin Reagan, aka sauke farantan lokacin gyaran rufi, ba a mayar ba. Ostireliya ta sa wa hayaƙin manyan masana'antu farashi a 2012, gwamnatin da ta biyo baya ta soke shi a 2014. Irin wannan tarihi masu mulki suka haddace, ba rahoton masana ba.

Amma ka lura, in ciwon na yau ne ana tashi da gudu. A 1973, da ƙasashen Larabawa suka ƙulle famfo, farashin ganga ya ninka kusan huɗu cikin 'yan watanni, sai ga Holan da Denmak sun hana tuƙi ranar Lahadi. Faransa ta tsunduma gina tashoshin nukiliya daga 1974, har yau daga nan take samun wajen kashi 2 cikin 3 na lantarkinta. Brazil ta fara mayar da rake man mota a 1975. Jiki magayi. Ita ɗumamar yanayi ba ta zuwa da dogon layi a gidan mai. Sannu take shigowa kamar tsufa, sai ka wayi gari gwiwa ta ƙi.

Inda aka ɗan taɓuka, dabarar kusan ɗaya ce: an zare maganar daga hannun mutum guda da wa'adi guda. Birtaniya ta yi doka a 2008 da goyon bayan manyan jam'iyyunta, ta ƙayyade yawan hayaƙin da za a fitar shekara biyar-biyar, ta kafa kwamiti mai zaman kansa da ke auna gwamnati a bainar jama'a. Firaministoci sun zo sun wuce, dokar na nan, kuma a Satumban 2024 aka kashe tashar kwal ta ƙarshe a ƙasar da ta koya wa duniya ƙona kwal. Uruguwai, ƙaramar ƙasa marar rijiyar mai, jam'iyyunta suka zauna a 2010 suka amince da tsarin makamashi da ba zai canza da zaɓe ba. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na lantarkinta daga iska da ruwa da rana da tarkacen tsirrai yake fitowa.

TAMBAYA: Kai dattijo, ka daina yaudarar mutane. Turawa sun ƙona kwal da mai shekara 200 sun yi arziki, yanzu sun dawo suna cewa talakan duniya ya bar nasa a ƙasa. Wannan ba munafunci ba ne? (Wannan ce wasiƙar da na wanke.)

AMSA: Ɗan'uwa, huce. Rabin maganarka ni ma na sa mata hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Nahiyar Afirka duka, mai mutum sama da biliyan 1.4, wajen kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya take fitarwa. Pakistan wajen kashi 1 ce ko ƙasa da haka, amma a 2022 ambaliya ta shafi mutum miliyan 33 a can. A Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020 don tunkarar ɗumamar yanayi. Ba su cika ba sai 2022, shi ma a lissafinsu na kansu, kuma babban kaso bashi ne, ba kyauta ba. Amurka ta sa hannu a yarjejeniyar rage hayaƙi ta Kyoto ta 1997 ba ta taɓa tabbatar da ita ba. Ta shiga ta Paris ta 2015, ta fita a 2020, ta dawo a 2021, a Janairun 2025 aka sake rattaba hannu a takardar ficewa. Wa zai kafa gini a kan ƙasar da ke rawa haka? Taron yanayi na duniya da aka yi a Dubai a 2023 kuwa, shugaban kamfanin man ƙasar aka ɗora a kujerar jagora, mutane da yawa suka ce an ba kura ajiyar nama. Abin mamaki, a taron ne aka fara rubutawa ƙarara cewa duniya ta kama hanyar rabuwa da kwal da mai da gas baki ɗaya, bayan taro 27 ana kewaye-kewaye.

Ga inda muka raba hanya. Munafuncin wani ba ya wanke sakacin wani, kuma Bature bai riƙe hannun kowa ya hana shi ajiya ba.

Norway ta gano babban filin manta a 1969. A 1990 ta yi dokar asusu, kuɗin farko ya shiga a 1996. Kuɗin man da gwamnati ta samu asusun yake tafiya, a zuba shi a hannayen jari a ƙasashen waje, kuma ƙa'ida ita ce kada a ci fiye da wajen kashi 3 cikin 100 a shekara, wato a ci 'ya'ya a bar uwa. Yau asusun ya haura dala tiriliyan 1.5, ga mutanen da ba su kai miliyan 6 ba. Kada ka ce na mayar da su waliyyai: suna tuƙa motar lantarki a gida suna loda wa duniya mai da gas a jirgi, wanzami ba ya son jarfa. Amma a kan tanadi, sun yi abin da ya kamata.

Chadi ma ta yi irin wannan doka kafin manta ya fara gudu a bututu a 2003: kashi 10 cikin 100 na asusun 'yan baya ne, da sa idon Bankin Duniya. A ƙarshen 2005 gwamnatin Idriss Déby ta gyara dokar ta rushe asusun, ta ce tsaro da buƙatun yau sun fi gaggawa. A 2008 bankin ya tattara ya fita. Benezuwela ta fi kowace ƙasa man da aka tabbatar a ƙasa, ganga wajen biliyan 300. A ƙarshen shekarun 1990 tana haƙo sama da miliyan 3 a rana, zuwa 2020 ko miliyan 1 ba ta kaiwa, mutum sama da miliyan 7 sun bar ƙasar. Takunkumin Amurka ya ƙara wa miki gishiri, amma mikin ya riga takunkumin. Ɗan ƙasar ne ma, Juan Pablo Pérez Alfonzo, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa OPEC a 1960, ya laƙaba wa mai sunan kashin shaiɗan, tun ana tsakiyar shagali.

Saboda haka ka nemi haƙƙinka wurin wanda ya ɓata sama, da babbar murya, ina bayanka. Amma da ɗaya hannun ka riƙe rigar naka shugaban, ka tambaye shi ina rarar shekarun 2011 zuwa 2014, lokacin da ganga ke kai-komo sama da dala 100, kafin ta faɗo ƙasa da 30 a farkon 2016.

TAMBAYA: Malam, ni tsoho ne, na haura 80, jikana ne ke rubuta mini. Fari da ambaliya tun kaka da kakanni ake yi. Ruwa da rana na Allah ne. Don me kuke ɗora wa shugabanni abin da yake ƙaddara?

AMSA: Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ban isa in ja da ku a kan ƙaddara ba. Sai dai in tuna muku ƙissar da kuka fi ni sani, ta Annabi Yusuf, alaihissalam. Shekara bakwai na yalwa, bakwai na fari. Farin ƙaddara ne, kuma bai fasa zuwa ba. Amma sarkin ya saurari fassara, ya ɗauko wanda ya iya ko da daga kurkuku ne, ya damƙa masa rumbuna, aka fara tanadi tun ana cikin ƙoshi. Ba a nemi shugaba ya tsayar da hadari ba, Baba. Rumbun ake tambayarsa.

Gaskiyarku ne, fari da ambaliya ba baƙi ba ne. Abin da ya canza ma'auni ne. Shekarar 2024 ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, wajen digiri 1.5 sama da yadda duniya take kafin zamanin masana'antu. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa wajen kashi 7 cikin 100. Shi ya sa take saurin tsotse danshin gona, in kuma ta tashi sauke kayanta ta sauke a dare ɗaya.

Ku duba ƙasa biyu. A 1970 guguwar teku ta kashe aƙalla mutum 300,000 a yankin da ya zama Bangaladash. A 1991 wata ta kashe wajen 138,000. Ƙasar ba mai arziki ba ce, amma ta yi ta gina mafaka a kan dogayen ginshiƙai, waɗanda makarantu ne in babu guguwa, ta horar da dubban 'yan sa-kai masu bin ƙauyuka da lasifika da tuta. A 2020, da guguwar Amphan ta taso, an kwashe mutum sama da miliyan 2 kafin ta iso, waɗanda suka rasu a ƙasar gommai ne, ba dubbai ba. Sai kuma Darna ta Libiya, ƙasar da ta fi kowace a Afirka man da aka tabbatar. A Satumban 2023 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsu biyu da aka gina a shekarun 1970 a saman garin suka ɓalle cikin dare, dubban mutane suka tafi da gidajensu cikin teku. An daɗe ba a gyara madatsun ba, wani masani ɗan ƙasar ya rubuta gargaɗi shekara guda kafin haka, gwamnatoci biyu kuwa suna can suna ja-in-ja a kan kujera. Ruwan na Allah ne. Tsagar da ke jikin madatsar tana da mai ita.

TAMBAYA: Oga, ni direban babbar mota ne. Duk lokacin da gwamnati ta ce za ta yi gyara saboda gobe, kuɗin mai ake ƙarawa, mu ne a ƙasa. Gyaran nan ba shi da wata hanya sai ta aljihunmu?

AMSA: Maigida, Allah ya kiyaye hanya. Zan faɗa maka ɗaci tukuna: tallafin mai, a ko'ina aka auna shi, mai motoci da yawa ya fi cin moriyarsa, don shi ya fi sha. Cire shi ba laifi ba ne a kan kansa. Yadda ake cirewa ne ke nuna ko an ɗauke ka mutum.

Iran ta yi duka biyun. A 2010, makonni kafin ta ƙara farashi, ta zuba wa iyalai kuɗi a asusun banki. Kowa na ganin nasa, ba ya dai iya cira sai ranar da sabon farashi ya fara aiki. Aka yi ƙarin, kuma babba ne, gari bai kama da wuta ba, ko da yake daga baya hauhawar farashi ta lashe darajar kuɗin. A Nuwamban 2019 ƙasar nan dai ta ƙara farashi da tsakar dare ba sallama, aka fito zanga-zanga, ɗaruruwa suka mutu. Faransa a 2018 ta ƙara harajin mai da sunan kare yanayi jim kaɗan bayan ta sassauta wa attajirai harajin dukiya, masu zanga-zanga sanye da rawayen riguna suka cika tituna, aka janye. Ekwado ta cire tallafi a Oktoban 2019, mako biyu bai cika ba ta mayar. Mutane na iya shan maɗaci in sun ga mai dama shi ma ya kurɓa. In an ce muku ku yi haƙuri, ka ƙirga motocin ayarin mai faɗin.

TAMBAYA: Baba, kullum kana sukar shugabanni, alhali kai ma shekara 31 ka yi a ciki. Kai me ka yi? Ka gafarce ni in na yi tsaurin ido.

AMSA: 'Yata, ba ki yi ba. Kin dai taka inda ke ciwo.

Rahoton nan da na ba malamin makaranta labarinsa, a shafi na 9 na daftarin farko akwai wata jimla da na rubuta: dole ne a ware kashi 20 cikin 100 na rarar kuɗin mai a asusun da doka ta hana taɓawa, daga kasafin bana. Shugaban sashenmu ya kira ni da la'asar, ya tura ƙofa, ya ce aikin ya yi kyau, jimlar nan ce kawai ta yi kaifi, manya ba sa son ƙaramin ma'aikaci ya ce musu dole. Lokacin sunana na cikin jerin masu jiran ƙarin girma, ga yara uku a makaranta. Na zaro fensir daga aljihuna. “Dole ne” ta koma “yana da kyau a duba yiwuwar”. Kashi 20 ya koma “wani kaso”. “Kasafin bana” ya koma “lokacin da ya dace”. Minti biyar bai cika ba. Ba wanda ya yi mini barazana, ba wanda ya ba ni toshiyar baki. Da mai girma ya buɗe shafin ma, ba abin da zai tarar da zai hana shi barci, don ni na riga na cire masa ƙayar. Ƙarin girman ya fito wata biyu bayan haka.

Daftarin farkon yana nan a aljihun teburina, da zanen fensirin a kansa. Kwanan baya jikata ta zaro shi tana neman takardar da za ta yi zane, ta tsaya tana haɗa baƙaƙe, ta ce, “Kaka, wa ya soke wannan layin?” Na ce ta mayar da shi inda ta ɗauko.